Zaren da Ban Ƙulle Ba

Akwai lokacin da a gidanmu na Gwandu ba mai ajiye silifas a ƙofar banɗaki ya fito ya same shi. Ni ce sanadi. Matar wani malamin firamare da ke haya a bayanmu ta koya mini saƙa takalmi a kan tsohon silifas, abin ya kama ni kamar zazzaɓi. Za ka cire maɗaurin, ka wanke robar ta yi fes, ka sa ƙusa a garwashi ta yi ja, ka bi gefe-gefe kana hudawa. Daga nan sai ƙwarashi da zare. Warin robar ya kori kajin Inna zuwa maƙwabta, Baba kuwa ya koma kwana da nasa silifas a ƙarƙashin matashi.

Na farko da na saƙa ya fito kamar gammo. Na biyu ya fi kama da takunkumin jaki. Sai da yatsana ya yi kanta sannan na fitar da na kirki, shuɗi da fari, da 'yar fulawa a kan babban yatsa. Ko sau ɗaya ban taka ƙasa da shi ba, a kan gado nake gwadawa.

Ana haka taubashiyata ta zo daga Kalgo. Ɗiyar Gwaggo ce, ƙanwar Baba, kuma sa'ata. Tun muna yara ba ta taɓa zuwa gidanmu ta koma hannu wofi ba. Abin da ya ɗaure mata gindi shi ne taubashi in ya ɗauki abinka ba ka da bakin magana, in ka yi fushi ma kai za a yi wa dariya.

"Ke ɗiyar Kawu," ta ce, tana juya takalmin a hannu, "wa ya haɗa wanga abu mai kyau da ƙafarki mai faso? Ai an zalunce shi."

Ta zura ƙafa, ta bar mini nata da ya cinye ta dunduniya. Na kai ƙara wurin Inna.

"Wasan taubasai ne," in ji Inna. "Kar in ƙara ji."

Da a nan abin ya tsaya da wataƙila na haƙura. Amma washegari na ga hoton takalmina a wayar Inna, taubashiyata ta ɗora shi ta rubuta a ƙasa, "Aikin hannuna." Gwaggo kuma ta shiga gida-gida a Kalgo tana faɗin ɗiyarta ta koyi sana'a. Yarinyar da ko maɓalli ya cire mata sai ta kama da fil. Takalmin na yafe. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne matan Kalgo su san hannun wa ya yi shi, kuma daga bakinta nake so su ji.

Saƙar ƙwarashi duk girmanta zare ɗaya ne. In ka kai ƙarshe dole ka zura bakin zaren cikin madaukin ƙarshe, ka ja, ka ƙulle. In ba ka yi ba, wanda ya kama bakin ya ja, saƙar za ta bi shi gaba ɗaya. Na zauna na saƙa sabo, ja da ruwan ɗorawa, mai ɗaukar ido tun daga bakin kasuwa. Na hagu na ƙulle shi da kyau. Na dama na bar masa dogon baki, na naɗe, na cusa a gefen dunduniya.

Matar yayan taubashiyata ta haihu, Gwaggo ta aiko ta aron babbar tukunyar Inna don suna. Na ɓoye takalmin a ƙarƙashin gado, irin ɓoyon da hancinsa ke leƙe. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta gan shi, ta ɗauke. Na yi kuka har da birgima, albasa ta taimaka.

Ranar suna muka tafi Kalgo da Inna, ƙwarashina a cikin jaka. Tsakar gida cike da mata, ga taubashiyata tana yawo da takalmina, tana ɗaga zani kaɗan don a gani. Na ji da kunnena wata na tambayarta ko yana da wuyar yi.

"Ga mai kai ba wuya," ta ce.

Da ta cire shi ta shiga ɗakin maijego, na duƙa a tarin takalman bakin ƙofa kamar ina neman nawa. Na zaro bakin zaren, na ɗaura a ƙafar kujerar da wata tsohuwa mai jiki ke zaune a kai. Ko mota ba ta jan kujerar nan.

Ba a jima ba Gwaggo ta ɗora mata tiren masa a ka, ta ce ta kai wa maza zaure. Ta sa takalmi, ta miƙe wuya, ta fara taku. Zare ya bi ta. Kafin ta kai bakin rijiya dunduniya ta tafi. Tana jin iska na shiga ƙafarta, amma tire ya hana ta duba ƙasa. Tana isa tsakiyar fili ƙafarta ta yi gaba, robar ta tsaya a baya, da jan zare miƙe tun daga ƙofar ɗaki kamar igiyar shanya. Yara suka hau tsallake shi.

Mata suka yi dariya har wata ta ƙware da kunu. Tsohuwar nan ta kan kujera ta ce, "Ku bar yarinya. Tunda ita ta saƙa, yanzu za ta mayar."

"Gaskiya ne, Iya," na ce. "Ga ƙwarashi ma, Allah ya sa na zo da shi."

Aka sauke mata tire. Ta karɓi ƙwarashin ta riƙe kamar za ta sha fura da shi. Ta soka a rami, ta zaro, ba abin da ya biyo. Gwaggo ta daina dariya. Taubashiyata ta matso kusa da kunnena.

"Don Allah, ɗiyar Kawu."

"Mi kika ce? Hayaniya ta yi yawa."

"Ki gyara mini."

"In gyara aikin hannunki? Ina ni ina taɓa aikin masu kai."

Ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, ta ce a ciki-ciki, "Ita ta saƙa."

"Iya ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi."

"Ita ta saƙa. Da wanga da na farkon."

Wannan karon har masu wanke-wanke a bayan ɗaki sun ji. Inna ta watso mini wani kallo da na san kunnena zai biya a mota, amma raina fari tas.

Na zaunar da ita a gefen tabarma, na ce sai da ƙafarta a cinyata zan iya gwaji. Ƙarya ce, robar kaɗai ta isa. Aka fito da ƙwarya aka fara kiɗa, sa'o'inmu suka cika fili da rawa, ita tana zaune da ƙafa ɗaya a sama kamar mai targaɗe. In na ga ta fara sa rai, sai in ce na yi kuskure, in warware layi. Mata suna zuwa suna leƙa hannuna, ina yi musu bayani a tsanake.

Sai da kiɗa ya ƙare, baƙi suka fara neman mayafansu, sannan na sakar mata ƙafa. Ta sa takalminta cikakke, Gwaggo ta nuna mata tulin kwanonin da ke jiran wanki a bakin rijiya.