'Yar Tsanar da Iya Ta Yi wa Ƙugu

Ni dai da boko tun aji uku na sakandare muka raba gari. Yanzu acaɓa nake ja tsakanin Roni da Kazaure. Ɗan abin da ke kaina kuwa a gindin murhun kakarmu Iya na kwaso shi. Bayan isha'i takan zauna tana tona mana gyaɗa a toka, ni da ƙanwata Rabi da yaran maƙwabta. In na ce, "Matar, yau ma ba kwalliya?" sai ta ce, "Miji ba cefane, matsa can." Sannan a shiga tatsuniya.

Iya ce mai yi wa 'yan matan unguwa 'yar tsana. Ƙashin ƙafar rago ne, ta yi masa kitso da zare, ta ɗaura masa ƙyalle. Da su ake bikin 'yar tsana, har da ɗan tuwo a gwangwani. Sai wata shekara kawunmu ya kawo wa Rabi ta roba daga gwanjon Kano, fara sol, gashi kamar gemun masara, ƙugu kamar tsinken tsire. Daga ranar ita ce amarya a kowane biki, na Iya suka koma 'yan rakiya.

Iya ta karɓe ta, ta juya ta a hasken wuta. "Wayyo baiwar Allah! Jinya ta yi? Ina hanjinta yake?" Ta tsayar da ita, ta faɗi. Tsakani da Allah tausayinta ta ji. Ta samo auduga ta naɗa mata a ƙugu, ta ɗaura zane a kai, wai ta yi kyan gani. Muka kwashe da dariya, ban da Rabi. Ta warware audugar ta wurga a wuta.

"Iya, kin ɓata ta. Ai haka masu kyau suke."

Iya ta ce, "To ku matso, ga wata nan." Wai wata randa ce a gidan manoma, ruwanta sanyi ƙarara, duk wanda ya dawo gona wajenta yake nufa. Sai ta hango goran ruwa a rataye, ɗan siriri, ta ji ta tsani kanta. Kullum in an fita sai ta mirgina ta goga cikinta a dutse. Ta goga, ta goga, har ta fara yoyo.

Na ce, "Matar, randa ƙafa gare ta?"

"Kai ai kai gare ka, me ka tsinana da shi?"

Aka yi dariya, Rabi na can tana taje wa 'yar tsanarta gashi.

Iya ta rasu kafin Rabi ta gama firamare, ba ta ga sauran ba. Tuwon Rabi ya koma loma biyu. Ana ɗaure ciki da ɗankwali a ƙarƙashin riga. Da waya ta zo kuma sai ga irin 'yar tsanar nan da rai, suna magana, suna tallan man haɗi da shayin rage ƙiba da ƙwayoyi. Rabi, baƙa mai sheƙi, mai kumatu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mun yi faɗa, mun yi lallashi. Bara ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce. Yanzu Kano ake kai ta wankin ƙoda.

Da ina yaro na ɗauka labarin wautar randa ne kawai. Sai yanzu nake tunanin mutanen gidan, da suka dawo gona da ƙishi suka tarar da ƙasa a jiƙe. Iya ba ta gaya mana yadda suka yi ba.

Ranar Litinin na ɗauko Rabi zuwa tashar Kazaure, za ta Kano. Ni da nake ɗaukar buhun gero da mai shi, wallahi ban ji akwai mutum a bayana ba. Sai waiwaye nake yi.

Ta ce, "Yaya Sani, ka dubi hanya mana. Ina nan."

Na ce na sani. Amma har muka isa Kazaure da hannu ɗaya na yi tuƙi, ɗayan yana riƙe da nata.