Turakun Nedyalko a Makiyayar Kofler

Nedyalko Parvanov yana da shekara hamsin da ɗaya, kuma shi ne mafi tsufa a wani ɗan kamfani na mutum bakwai a garin Samokov. Ya daɗe yana tuƙa katafilar da ke baje dusar ƙanƙara a kan dutse domin masu wasan zamiya, kafin Yordanka, 'yar maƙwabcinsa, ta ɗauke shi aiki. Ita da abokan karatunta suka ƙera wata na'ura da ake ɗorawa a kan turken ƙarfe, tana auna kaurin ƙanƙarar, tana aika wa masu wurin wasa labari ta waya, don su san inda za su ƙara da injin feshi. Aikin Nedyalko shi ne kafa turakun.

A Bulgeriya wuraren wasan ba su da yawa, kuma duk wanda zai saya ya riga ya saya. Yordanka ta gaya musu ƙarara cewa in ba su samu kasuwa a waje ba bana, kamfanin ba zai ga wani hunturun ba. Sai wani wurin wasa a Ostiriya ya yarda da gwaji na kaka ɗaya.

Nedyalko ya isa can kafin sanyi ya kankama, ya yi yadda ya saba. A gida, in shugaban wuri ya ce to, magana ta ƙare, domin dutsen a hannunsa yake. Ya haƙa ramuka, ya zuba siminti, ya kafa turaku. Yana cikin aikin wani dattijo ya hauro gangaren da karensa, ya tsaya yana kallon simintin.

Vinzenz Kofler ke nan, kuma filin makiyayarsa ce. Ashe gangaren na manoman ƙauyen ne, kowa da yankinsa, aro suke bayarwa na watannin sanyi kawai. Da ƙanƙara ta narke sai a kwashe komai, a yanke ciyawa, shanu su hauro. Kofler ya tambaye shi ta bakin manajan wurin ko a ƙasarsu siminti shanu ke ci. Manajan kuwa, wanda ya ɗauka kowa ya san wannan ƙa'ida, ya ce in manoma suka ƙi, ba sauran gwaji.

Nedyalko ya kira Yordanka daga kan dutsen.

"Bai Nedyalko," in ji ta, da laƙabin da suke girmama babba da shi, "kai da ka girme mu duka, ba ka tambayi mai filin ba?"

"Dani," in ji shi, yadda ya saba gajarta sunanta, "wa ya taɓa tambayar mai dutse? Ke da karatunki, kin tambaya?"

Sai ta ce ya fasa simintin.

Ya farfasa shi da hannunsa, ya cike ramukan, ya mayar da ciyawar. Kofler yana zuwa kullum yana taka wurin da ƙafa. Ranar ƙarshe ya yarda da sharaɗi: turaku marasa siminti, a filinsa kaɗai, kuma wanda ya kafa shi zai zo ya cire. Sauran manoma za su ga yadda ciyawarsa ta fito kafin su ce wani abu.

Da ya koma Samokov, shi da wani mai walda suka yi turaku masu gindi irin na ƙusar murɗawa, ya kai ya kafa. Matsalarsu ɗaya ce: in ƙasa ta daskare ta saki, suna iya karkacewa, kuma turken da ya karkace ƙarya yake aunawa. Matarsa Ginka ta ce tun daga lokacin, ko banitsa, gashin fulawa da cuku, ta ajiye masa sai ta huce, yana can yana duban waya.

A makon jiya ƙanƙarar fari ta sauka a can. Turaku biyu suka fara ba da awon da bai yi kama da na sauran ba. Yordanka ta ce a roƙi ma'aikatan wurin su miƙe su. Nedyalko ya ƙi, domin yawancin ma'aikatan 'ya'yan manoman ne, kafin yamma duk ƙauyen zai ji turakun sun karkace. Jiya da safe ya zuba kayan aiki a motar kamfani, ya kama hanyar Ostiriya shi kaɗai.