Ɗan Ƙifta da Hannun Noma

Wata ranar Talata a farkon damina, shekarar da na baro Yashe na shiga sakandare a Kankiya, Sagiru ya tozarta ni. Kwamfuta ɗaya tal gare mu a makaranta, baƙin allo ne da wani farin ɗigo mai ƙiftawa a inda rubutu zai fito, muna ce masa ɗan ƙifta. Layi muke bi, kuma dokar malam ita ce duk wanda ta lalace a hannunsa, shi da ita sai wani zangon. Sagiru, ɗan cikin gari mai iyayin tsiya, shi ne a gabana. Zai tashi sai ya buɗe fayil ɗin hoto a baƙin allon da gangan. Ina zama allo ya cika da shirme, ɗan ƙifta ya ɓace ɓat. "Ɗan ƙauye ya kashe ta da hannun noma!" in ji shi, aji ya kwashe da dariya. Sauran zangon ta taga nake leƙe, wallahi kamar in haɗiyi zuciya.

Da hutu, muna maimai a gonar gero, na kai ƙara wajen Yaya Habu, ɗan kawuna mai gyaran kwamfuta a Katsina. Ya ce ba mutuwa ta yi ba, tana ji sarai, nunawa ce ba ta yi. Ya ce in rubuta kalmar Turanci "reset" ko ban ga komai ba, in danna babban maɓalli, za ta dawo daidai. Sai na zana maɓallan a ƙasa tsakanin kunyoyi, ina rufe ido ina dannawa har yatsuna suka haddace. Ban gaya wa kowa ba. Jira nake.

Bayan mun koma makaranta, ranar taron iyaye aka zaɓi Sagiru ya nuna gwaninta a kwamfutar. Yana cikin rawar kai aikin ya tsinke, ɗan ƙifta ya gudu, ga malam ya fita tarbo baƙi. Ashe ɓatawa kawai gogan ya iya! Ya danna nan ya danna can, gumi sharkaf, mahaifinsa na kallo. Ni ko na naɗe hannu, na bar shi ya dahu sai da na ga hawaye. Sannan na taso, na rufe ido ruf don kowa ya shaida, na buga. Allo ya washe, ɗan ƙifta ya dawo. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Hannun noma ne."

Yau aikina ke nan, baƙin allo safe da yamma, kwamfutoci ko'ina, ba mai bin layi balle leƙe ta taga. In mun haɗu da Sagiru a kasuwar Kankiya har rungumar juna muke, kuma ina kewar ajin nan mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma har gobe in ɗan ƙifta ya ɓace mini, sai na naɗe hannu na ɗan jima kafin in dawo da shi.