Likkafanin Gwadabe

Gwadabe mutumin Gumel ne. Ya zo umra da niyyar sati biyu, ya shekara goma sha tara, iƙama kuwa, takardar izinin zama, ko a mafarki. Abu ɗaya ya mallaka da yake taƙama da shi: farin yadi da ya wanke da zamzam da hannunsa a Makka, ya ɗinka jan zare a gefe don shaida. Likkafaninsa ke nan. Bai damu da inda yake kwana ba, amma ya damu ƙwarai da abin da za a naɗe shi ciki.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda ya lura duk wanda aka kama da rigar jikinsa ake sa shi jirgi, kayan ɗaki kuma maƙwabta su gaje shi da ransa. Saboda haka da ya samu aikin gyaran taru wajen Badr, wani tsohon masunci a ƙauyukan arewacin Jidda, sai ya nemi ma'ajiya. A wani ɗan tsibiri da suke yada zango akwai tsagar dutse a bakin teku, busasshiya ƙayau. Nan ya cusa likkafanin cikin leda. Lokacin zafi ne.

A Gumel ruwa ba ya tashi sai sama ta zubar, ita kuwa samaniyar Jidda an san rowarta. Ba wanda ya gaya masa teku kan ƙaru da kanta lokacin sanyi, shi ma bai tambaya ba, kada a gane sirrinsa. Ranar da ya koma dubawa, ruwa ya tarar har ƙugu, sai ƙaguwa ke harkokinsu. Ya zauna ya yi kuka na gaske. Makka, inda zai iya wanko wani, tafiyar awa ɗaya ce, amma akwai masu duba takardu a hanya.

Bayan sati biyu Badr ya kafa wa kwalekwalensa sabuwar rumfa, yana ta yabon teku da ta yi masa kyautar yadi. Gwadabe ya ɗaga kai. Ga kashin tsuntsaye, ga ƙarnin kifi, ga jan zarensa.

Da ya yi bayani, Badr ya firgita, ya miƙe zai kwance igiya.

"Halas, ya Ammi, shi ke nan, baba, bar shi," in ji Gwadabe, yana gyara zama a inuwar. "Shekara goma sha tara ina ajiyarsa don ya rufe ni ranar da ba zan ji ba. Gara ya rufe ni tun ina ji."