Takalman Ƙofar Yamma

Wanda duk yake son sanin halin ɗan Adam, ya ajiye manyan littattafai ya je bakin ƙofar masallaci ya dubi takalma. A rana ɗaya na sami wannan ilimi, a Tsafe, kuma ko na tsufa na rikice ranar ba za ta fita raina ba.

Lokacin na daɗe ina aikin kwana-kwana a Gusau, har an tura ni ƙarin karatu na dawo da wani ciwo na tambaya. Wuta ta daina ba ni mamaki, mutane ne suke ba ni. Da mun gama kashe gobara sai in zaro ɗan littafina in bi waɗanda suka tsira: me ka fara yi? Me ka ɗauka? Na ga mai shago ya bar atamfofi ya fito rungume da buta. Na ga wanda ya tsaya kulle ƙofar ɗakin da rufinsa ya riga ya ci. Littattafan da na karanta sun ce mutum in ya firgita ƙofar da ya shigo yake nema, ko da akwai wadda ta fi kusa. Na haddace wannan, ina koyar da shi da alli. Abin da ban lura ba shi ne, marubutan nan mutane ne da ba sa cire takalmi in za su shiga wuri.

Wani azumi na je Tsafe gaida kawuna, dattijo mai ciwon gwiwa wanda bai tafiya sai da sanda. Bayan la'asar ya ce in raka shi tafsiri a masallacin unguwarsu. Masallacin ƙofa biyu gare shi: babba ta yamma mai kallon titi, inda kowa ke shiga, da ƙarama ta kudu wajen randunan alwala. Muka shiga ta yamma. Aka ja Kawu sahun dattawa a gaba, ni na zauna baya.

Ana cikin karatu aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi. Akwatin wayoyin da ke saman ƙofar yamma ya yi tartsatsi, labule ya kama, baƙin hayaƙi ya bi silin. Jama'a suka miƙe gaba ɗaya suka nufi ƙofar yamma, ita ɗin da ke ci. Waɗanda suka riga fita kuma ba su wuce ba. Kowa ya duƙa a bakin ƙofa yana neman takalminsa, suka toshe hanya da bayansu. Na ciki na turowa, na waje na lalube. Na hango farar hular Kawu a tsakiyar turmutsitsin, sai kuma na daina ganinta.

Na ɗaga murya, muryar da nake ba da umarni da ita a wurin aiki. "Jama'a, ƙofar kudu a buɗe take! Kudu! Ku bi kudu!" Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba.

Sai muka ji wata murya daga waje, ba lasifika, muryar da ta saba tada unguwa. Ladanin masallacin ne, tsoho siriri. "Takalmanku na ƙofar kudu! Duk na kwashe! Mai son nashi ya zo kudu!" Ashe ta kudu ya fita ya zagaya, ya shimfiɗa tabarma, ya share takalman a kai ta tsakanin ƙafafun mutane, ya ja ta kamar mai jan shanya. Masu laluben suka bi tabarma, na ciki suka juya. Kafin a kawo yashi da ruwa a kashe wutar, masallaci ya zama wayam. Mutum biyu suka fito da Kawu yana tari, ba hula ba sanda, amma da ransa.

Da hankali ya kwanta na zaro littafina na sami ladan. "Baba, ina ka koyi wannan dabara?"

Ya ce, "Wace dabara, Malam? Kullum in an sallame salla ni ka raba faɗan takalmi a ƙofar ga. Na san ko tashin ƙiyama aka yi sai sun tsaya nema."

Tun daga ranar na canza koyarwata. Daga Gusau har Bunguɗu, duk masallaci ko islamiyyar da aka kira ni, ƙofofi nake fara ƙirgawa, sannan in tambayi inda ake tara takalma, in roƙa a rarraba su. Na gane cewa mutumin da ya firgita bai bin umarni, abin da ya bari a baya yake bi, kuma mai son ceton jama'a sai ya san abin nan tukuna.

Kawu dai har ya rasu bai daina ba da labarin ba, kuma nasa ya fi nawa gajarta. Cewa yake, "Na ji ɗan nan yana kudu, kudu, amma daga yamma muryar ke fitowa." Gaskiya ya faɗa. Ta ƙofar yamma na fita. Takalmana sababbi ne.