Kwandon Tumatir na Karakkai da Sa Hannuna

Haƙƙin da ƙungiyar manoman lambu ta ɗora mini, a matsayina na magatakardanta, shi ne in zama shaida. An ce in duba da idona, in rubuta abin da na gani, sannan in sanar da manomanmu na Bungudu da Tsafe ko su amince ko su dakata. Sun zaɓe ni ne saboda shekarun da na yi ina koyarwa, kuma sun san ba na sa hannu a kan takardar da ban karanta ba.

Wani masani ne ya zo Gusau da jarka cike da wani ruwa mai yauƙi. Ya ce da ƙaro da sitacin rogo aka haɗa shi, tare da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ya kira nano. Idan aka tsoma tumatir ko tattasai ko alayyafo a ciki, ruwan yakan bushe ya zama siririyar fata da ke hana kayan yaushi da ruɓewa, kuma ana cin ta ba tare da illa ba. Ban ƙaryata shi ba. Na ga yadda ake zubar da tumatir kwando-kwando a bayan kasuwa, kuma ina fatan maganarsa ta tabbata.

Muka shirya gwaji. Wani dattijo daga Karakkai ya kawo tumatir kwando biyu, tsinkar safiya ɗaya daga fadama ɗaya. Aka tsoma na farko a ruwan, aka bar na biyu yadda yake, aka kulle su a ɗakin ajiyar ƙungiya. Makullan ɗakin biyu ne, ɗaya yana hannuna. Masanin ya roƙi ɗayan domin ya riƙa auna zafin ɗakin, na ba shi. Wannan kuskurena ne, kuma na rubuta shi a littafina kafin kowa ya tuna mini.

Kullum bayan sallar Azahar nakan buɗe ɗakin in rubuta abin da na tarar. Kwandon da ba a tsoma ba ya fara zubar da ruwa a rana ta huɗu. Wanda aka tsoma ya jure, amma a rana ta shida na rubuta cewa na saman sun fara laushi, wasu sun yi tabo. A rana ta takwas na same su da tauri da sheƙi, babu tabo ko ɗaya. Masanin ya faɗa mana ruwan yana jinkirta lalacewa. Bai taɓa cewa yana warkar da tumatirin da ya riga ya yi laushi ba.

Na aika a kira dattijon, ban gaya masa dalili ba. Ya tsuguna, ya ɗauki guda ɗaya, ya juya shi, ya yi dariya.

"Malam, wa ya kawo muku wanga?"

"Kai ne, Baba. Kwandonka ne."

"Kwandon nawa ne, ga ɗaurin igiyata nan. Amma dubi kansa. Ni tun ina yaro ba ni barin kara ga tumatir, murɗe shi nake yi tun a gona, don yana huda na kusa da shi. Ko kuwa ruwan naku har kara yake tsirarwa?"

Na duba. Kusan kowanne yana da ɗan koren kara a kansa. Na zazzage ɗayan kwandon, duk da warinsa, ban sami kara ko ɗaya ba.

Da yamma masanin ya zo da takarda a buge, wadda ke cewa tumatirin ya kwana takwas kamar ranar da aka tsinke shi, ga kuma gurbin sa hannuna a ƙasa. Na nuna masa karan. Ya ce, "Haba Malam, ƙila dai ba ku lura ba tun farko." Na buɗe masa shafin rana ta shida. Ya karanta, ya ce zai yi bincike, ya naɗe takardarsa ya fita da makullin.

Ban ga wanda ya canza tumatirin ba, don haka ba zan ambaci kowa da laifi ba. Mai yiwuwa ma ruwan yana da amfani, domin har rana ta biyar kwandon da aka tsoma ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: an hana mu sanin iyakar ƙarfinsa. Makon jiya kuma wani manomi daga Mada ya tare ni a tasha, ya ce ya ji na tabbatar da maganin, zai riƙe tumatirinsa kwana takwas kafin ya kai kasuwa. Ban tabbatar da komai ba, amma da sunana zai yi asarar amfanin gonarsa.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon shugabannin ƙungiya su kafa kwamitin da zai binciki wanda ya shiga ɗakin ajiya tsakanin rana ta shida da ta takwas, su karɓo makullin da ke waje, su kuma sanar da manoma cewa ban sa hannu ba. Ina kuma neman a sake gwajin da makulli ɗaya, dattijon Karakkai yana cikin masu dubawa. Littafina yana nan ga duk wanda kwamitin ya turo.