Man Mota a Babur ɗin Baba

Shekarar da gwiwoyin Baba suka fara ba shi wahala, babu yadda ba mu yi da shi ba ya haƙura da gonarsa, ya ƙi. Tana can bayan gari, kuma kafin a kai gare ta sai an ratsa wani busasshen rafi mai yashi wanda mota ba ta shiga. Da can a bakin titi yake sauka ya taka. Da takawar ta gagara, wata ranar Asabar muka ji ƙara a lungunmu na Dukawuya kamar an tayar da injin markaɗe. Muka leƙo, sai ga Baba a kan babur mai ƙafa huɗu, na hannu, ja jawur, ya tattare babbar riga a kafaɗa. Sai da aka cire ƙyaure ɗaya kafin abin ya shiga soro.

Babban yayanmu, wanda tun yana firamare yake magana kamar alƙali, nan take ya kafa sharaɗi. "Baba, ran da abin nan ya tsaya da kai a daji, shi ke nan, a ba wani aron gonar, ka zauna a gida." Baba ya ce ya ji.

Ni ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Kuma a lokacin na shekara biyu da sayen mota, don haka gani nake babu abin da ya shige mini duhu a harkar inji. Da lokacin juyen man babur ɗin ya yi, na ce kowa ya bar mini.

Mai shagon baƙin mai ya tambaye ni, "Hajiya, na mota ko na mashin?"

Na ce, "Wanda ya fi kowanne kyau. Na mahaifina ne."

Ya miƙo galan mai ruwan gwal da hoton wata doguwar mota a jiki. Na ɗiga a yatsa na murza yadda na ga maza suna yi, na gyaɗa kai, alhali ko man ƙuli aka ba ni haka zan gyaɗa. A soro muka juye, ni da Baba, yana ta sa mini albarka.

Kwana uku bayan nan, babur ya shiga tsakiyar yashi ya ƙi gaba. Inji na ta ihu, tayoyi ko motsi. Baba ya tako da ƙafa har bakin titi a cikin rana, ya iso gida gwiwoyi sun kumbura suntum. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, na yi ta zagin wanda ya sayar masa da ruɓaɓɓen kaya.

Aka ɗauko babur ɗin a a-kori-kura zuwa wajen wani tsohon bakanike a Ƙofar Ɗan Agundi, ni da Baba da Yaya muka bi shi. Bakaniken ya murza totur ya saurara, ya tsiyayo man a murfin gwangwani, ya tambayi irin galan ɗin, Baba ya kwatanta masa.

Ya ce, "Malam, ai lafiyar injinka ƙalau. Man mota aka ba shi. Irin wannan, kulocinsa a cikin man yake wanka. Na mota santsi ne da shi fiye da kima, sai kuloci ya riƙa zamewa, ba ya kamawa. Na mashin ake zuba masa, mai kaurin da aka rubuta a littafinsa. Wa ya zuba wannan?"

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni ne. Tsufa ne, ban duba ba."

Yaya ya gyara tsayuwa. "To ka gani ko, Baba? Ga gwiwa, ga shi ido ma ya fara. Ai maganar gona ta ƙare."

Baba ya sunkuyar da kai. Kunya ta lulluɓe ni, ga haushin kaina. Na ce, "Yaya, ni na sayo, ni na zuba. An ma tambaye ni na mota ko na mashin, iyayi ya hana ni cewa ban sani ba."

Bakaniken ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Yaya ya dube ni, ya dubi Baba, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya yanke hukunci cewa tunda ba laifin inji ba ne, ba kuma na direba ba, a sake kuloci a zuba man da ya dace, amma a hana ni taɓa ko madubin babur ɗin.

A hanyar gida Baba ya rage murya ya ce, "Wa ya aike ki ki yi magana?"

Na ce, "Baba, da gonarka ta tafi fa."

Ya ce, "Gona ai ƙasa ce. Ke kuwa kin san halin yayanki, sai ya shekara goma yana yi miki gori."

Damina biyu Baba ya ƙara yana ratsa yashin nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Gorin kuwa har gobe ina shan sa, kuma ba na hana Yaya. Duk sanda ya tayar da labarin, idan ya zo wajen tambayar bakanike, sai ya kwaikwayi muryar Baba ya ce, "Ni ne." Daga nan bai taɓa iya ƙarasawa ba.